Kada Sifili Ya Yi Ƙarya

Ƙannena maza da mata da ke riƙe da kwamfutocin asibitoci da makarantu da ƙananan bankuna da shagunan magani a Salaga da Yendi da Bawku, da ku nake wannan magana. Da yawanku hidimar ƙasa ce ta kawo ku. Kun fito daga UDS, ko jami'ar fasaha ta Tamale ko ta Bolgatanga, ko ta Navrongo. Ranar farko aka kai ku wani ɗan ɗaki, aka nuna muku akwatin ƙarfe yana huci a ƙarƙashin tebur, aka ce ga saba nan, rumbun bayanan gidan nan duk a cikinta yake, sai ku kula. Wanda ya haɗa ta ya daɗe da komawa Kumasi. Abin da ya bar muku gado shi ne 'yan rubuce-rubucen umarni, kuma babba a cikinsu shi ne rubutun tayarwa: wanda ke tayar da rumbun idan an kunna kwamfuta, ya kwantar da shi idan za a kashe, ya kuma ba da amsa idan aka tambaye shi ko rumbun yana aiki. A kan wannan rubutu nake so mu tsaya, kuma a cikinsa ma a kan abu guda da ba ya fitowa a fuskar allo, wato lambar da yake bari idan ya gama.

Duk shirin da ya gudana a Linux, in ya ƙare yakan miƙa lamba ɗaya ga wanda ya kira shi. Lambar fita ke nan, kuma tana tsakanin 0 da 255. Sifili na nufin an yi abin da aka ce a yi. Duk wata lamba da ba sifili ba na nufin akwai magana. Ku buɗe tagar umarni ku rubuta “ls”, sannan ku bi shi da “echo $?”, za ku ga 0. Ku rubuta sunan umarnin da babu shi, ku sake tambaya, za ku ga 127. In fayil ɗin yana nan amma ba shi da izinin gudana, 126 ne. In aka kashe shiri da ƙarfin tsiya ta hanyar “kill -9”, Bash zai nuna muku 137, wato 128 a tara da 9. Ɗan Adam yana karanta kalmomin da suka fito a allo. Na'ura ba ruwanta da kalmomi. Ko rubutunku ya cika allo da kuka cewa rumbu ya ƙi tashi, muddin ya fita da sifili, to a wurin sauran na'urori lafiya lau aka tashi.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, na masu manyan ɗakunan saba a Akra da Turai. Ni kuwa ina ganin mu ya fi shafa. Waɗanda suka yi wayo a 2015 sun san dumsor, lokacin da wuta ke zuwa da tafiya bisa jadawali. An wuce wannan, amma har gobe iskar farkon damina tana kayar da turakun wuta, zafin Maris da Afrilu yana cinye batirin UPS, ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta. Sabar da ke garuruwanmu tana mutuwa ba sallama, ta kuma tashi ba kowa a kanta, sau da yawa cikin dare. Daga Tamale zuwa Yendi kusan kilomita 100 ne, zuwa Salaga ya ɗara haka, daga Bolgatanga zuwa Bawku kuma kusan 80. A Bawku an sha sanya dokar hana fita da dare, ko kana da babur a ƙofar gida ba ka isa ka je ofis ka duba ba. A irin wannan wuri na'ura ce ke gadin na'ura. Ita za ta ga rumbu ya faɗi ta sake tayar da shi, ita za ta turo maka saƙo a waya, ita za ta hana manhajar asibiti tashi kafin rumbun ya shirya. Duk wannan hukunci a kan lamba ɗaya take yanke shi.

Salaga ta san wannan darasi tun ba a yi kwamfuta ba. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato, tafiyar watanni, su bi ta Sansanne Mango, su ya da zango a Yendi, su ƙarasa Salaga sayen goro. Madugu ke da ayari, amma jagaba ke shiga gaba, shi ke duba hanya da mashaya da wurin kwana. Madugu bai ga kogin da idonsa ba. Abin da jagaba ya dawo ya faɗa, shi zai sa a ɗora wa jakuna kaya ko a ƙara kwana. Jagaban da ya ce ruwa ya cika, yau ba a ƙetarawa, ya ɓata wa mutane rai amma ya tsirar da dukiya. Wanda ya ce hanya lafiya alhali bai kai bakin ruwan ba, shi ne ya hallaka ayari. Akwai kuma na uku: ya je, ya gani, ya dawo da gaskiya, amma ya faɗe ta da wata alama tasa ta kansa da madugu bai sani ba. Shi ma bai amfani kowa ba. Rubutun tayarwa jagaba ne, kuma abu biyu ake nema a wurinsa: ya faɗi gaskiya, ya kuma faɗe ta da harshen da aka yi ittifaƙi a kai.

Wannan harshe yana nan a rubuce. Sunan ƙa'idar Linux Standard Base, ana taƙaita ta da LSB. Ta fara fitowa a 2001, bugunta na 5.0 ya fito a 2015. Yawancin abin da ke cikinta an daina damuwa da shi yanzu, amma sashen da ya yi magana a kan rubutun tayarwa bai mutu ba, har systemd da ya maye gurbin tsohon tsarin ya gaji lambobinsa. Ga abin da ta ce idan aka tambayi rubutu da “status”. In shirin yana aiki, 0. In ya mutu amma ya bar fayil ɗin da ke ɗauke da lambarsa ta PID, 1. In ya mutu ya bar fayil ɗin kulle, 2. In ba ya aiki, kuma babu alamar mutuwar gaggawa, 3. In rubutun ya kasa gano halin da ake ciki, 4. Ku lura da hikimar da ke tsakanin 1 da 3. Uku na cewa an kwantar da shi cikin tsari, wataƙila da gangan. Ɗaya na cewa faɗuwa ya yi. Bayan an ɗauke wuta, wannan bambanci shi ne abin da kuke buƙatar sani kafin komai. Huɗu kuma ita ce lambar da na fi girmamawa, domin ita ce “ban sani ba”, kuma rubutun da aka hana shi faɗin haka dole wata rana ya yi shaidar zur.

Sauran umarnai, wato tayarwa da tsayarwa da sake tayarwa, lissafinsu daban ne, kuma a nan mutane ke tuntuɓe. A wurinsu 1 kuskure ne na gama-gari, 2 an ba da umarnin ba daidai ba, 3 rubutun bai iya wannan aikin ba, 4 mai kiran ba shi da izini, 5 ba a girka shirin ba, 6 ba a daidaita shi ba, 7 ba ya aiki. Ka ga ke nan 3 a bakin “status” daban take da 3 a bakin “reload”. Ƙa'idar ta kuma ware 150 zuwa 199 domin manhaja ta yi amfani da su a kan matsalolinta na musamman, saboda haka in kana da wani abu naka da kake so ka bambanta, an bar maka fili, ba sai ka ƙwace lambar da ke da mai ita ba.

Akwai wata doka a ciki da hankali kan ƙi karɓa da farko. In aka ce a tayar da rumbun da ya riga ya tashi, amsa 0 ce. In aka ce a tsayar da wanda ya riga ya tsaya, ita ma 0 ce. Matashi zai ce ai ban yi komai ba, ta yaya zan ce na yi nasara? Dalili shi ne mai kiran ba aikinka yake tambaya ba, halin da ake ciki yake tambaya. Ya ce yana son rumbu a kwance, kuma a kwance yake, to buƙata ta biya. Wannan ne ke ba na'ura damar maimaita umarni sau biyu ko sau goma ba tare da fargaba ba. Ga inda abin ke cizo: shi kansa “pg_ctl stop” na manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, in bai tarar da saba tana aiki ba, yakan yi ƙorafi ya fita da 1. Saboda haka rubutun da ya lulluɓe shi, shi ke da alhakin dubawa tukuna, in ya ga rumbu a kwance yake ya mayar da 0. Wanda ya miƙa lambar pg_ctl yadda ta zo, ya saɓa ƙa'ida ba tare da ya sani ba.

Na san abin da ke zuwa a ran mai hazaƙa, domin hazaƙa ba ta son a ce mata bi kawai. Zai ce tsarina ya fi wannan ma'ana, me zai hana in sa 10 ta zama wuta, 20 ta zama faifai ya cika? Ba a hana ka tunani ba, ƙanena. Amma ba kai za ka saurari lambar ba. Shirye-shiryen da wasu mutane suka rubuta a wasu ƙasashe, shekaru kafin ka shiga makaranta, su za su saurare ta, kuma ba za su zo Yendi su koyi tsarinka ba. Sannan shekararka ɗaya ce. Mai zuwa bayanka zai iya neman LSB ya karanta, amma ba zai iya buɗe kanka ya karanta ba. Abin da ya kamace ka shi ne ka san wa kake yi wa magana, domin kowane gida da al'adarsa. A wurin Nagios, mai sa ido a kan saba, 0 lafiya, 1 gargaɗi, 2 hatsari, 3 kuwa “ban sani ba”. Ka ɗauki rubutun LSB ka miƙa wa Nagios kai tsaye, ranar da rumbu ya tsaya zai ji 3, ya ɗauka rashin tabbas ne kawai. A wurin “grep”, 1 ba kuskure ba ne, yana nufin ya duba bai samu ba, 2 ce kuskure. Masu aiki da Windows, kuma na san shagunan magani da makarantu da yawa a kansa suke, ku ma kuna da taku: robocopy yakan fita da 1 idan ya kwafi fayiloli lafiya, sai daga 8 zuwa sama ne ake cewa an samu matsala.

Bari in nuna muku yadda rubutu ke yin ƙarya ba tare da mai shi ya yi niyya ba. Na taɓa shiga wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da safiyar Litinin, bayan an kwana ana iska da ruwa. Wuta ta dawo kafin asuba, saba ta tashi da kanta. Mata na zaune a kan benci da goyo, kowacce riƙe da katin inshorar lafiya, wani dattijo ya jingina da bango yana jan carbi. Yarinyar da ke tagar kati tana ta ba da haƙuri, tana cewa netwok ne, a ɗan jira. Kowa ya yarda, domin a wurinmu netwok ke ɗaukar laifin komai. Yaron da ke kula da kwamfuta ya riga ya tambayi rubutun tayarwa, ya ce masa rumbu yana aiki. Tunda haka ne sai ya koma bin waya, yana durƙushe a bayan kabad yana cire wannan yana mayar da wancan, gwiwar wandonsa duk ƙura. Da muka buɗe rubutun, abin da ke reshen “status” layi ɗaya ne: “ps aux | grep postgres”. Wannan layi yana jero duk shirye-shiryen da ke gudana, ya nemi wanda ke da kalmar postgres. To shi kansa grep ɗin da ake nema da shi yana cikin jerin, kuma yana ɗauke da kalmar. Kansa yake samu, ya ce na gani, ya fita da sifili. Tun ranar da aka rubuta shi bai iya faɗin komai ba sai “yana aiki”. Ainihin matsalar kuwa, faifai na biyu da bayanan ke ciki bai hau ba bayan ɗaukewar wutar. PostgreSQL ya faɗi haka ƙarara tun da asuba, amma marubucin ya tura duk maganarsa zuwa “/dev/null”, ya sa alamar “&” a ƙarshe don kada a jira shi, sannan ya rufe da “echo OK”. Gyaran bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Neman wurin gyaran ne ya cinye safiyar marasa lafiya.

A cikin wannan ɗan rubutu akwai cututtuka uku da za ku yi ta haɗuwa da su. Rubutun Bash, in ba a gaya masa lambar da zai fita da ita ba, yakan ɗauki ta umarnin ƙarshe da ya gudanar. In na ƙarshen “echo” ne, to kusan kullum sifili ne, ko da duk abin da ya gabace shi ya rushe. Alamar “&” kuma tana cewa ne an sallami yaro aike, ba ta cewa ya isa. Sai zubar da saƙon kuskure, wanda ya kamata a ajiye a fayil ɗin tarihi inda za a same shi da safe. Ku ƙara da “|| true” da “exit 0” da ake liƙawa a gindin rubutu don jan rubutu ya daina fitowa a allo. Ku kuma kiyayi dabarar ƙirga kurakurai a fita da jimillarsu: lambar ba ta wuce 255, saboda haka kurakurai 256 cif za su juye su koma sifili.

Bututu, wato alamar “|”, ma haka yake, kuma a nan ne abin ya fi ba ni tsoro, domin ya taɓa kwafin ajiya. Kusan kowa yana rubuta “pg_dump” ya zura shi cikin “gzip” don fayil ya ƙanƙance. In pg_dump ya gaza, gzip zai matse babu, ya fitar da ɗan fayil mai bayit 20, ya ce ya yi nasara, kuma lambarsa ce za a ɗauka tunda shi ne na ƙarshe. Kullum dare sabon fayil yana bayyana da kwanan wata daidai, kowa hankalinsa kwance, sai ranar da aka buƙace shi. Maganin a Bash layi ɗaya ne a saman rubutu, “set -o pipefail”, wanda ke sa gazawar kowane sashe na bututun ta zama gazawar duka. Bayan haka kuma ku riƙa duba girman fayil ɗin, ku riƙa gwada mayar da shi a wata kwamfuta lokaci zuwa lokaci. Gani ya kori ji.

Game da fayil ɗin PID, kada kasancewarsa ta zama hujja a wurinku. PostgreSQL yana ajiye “postmaster.pid” a cikin jakar bayanai, layin farko shi ne lambar shirin. In wuta ta ɗauke, fayil ɗin yana nan, mai shi ya tafi. Bayan sake tashi ma ana iya bai wa wani shiri daban wannan lambar. Dole rubutu ya duba cewa lambar tana raye, kuma ta rumbun ce. Amma ina roƙonku kada ku sa rubutu ya riƙa goge wannan fayil da kansa don a samu a tashi da sauri. PostgreSQL ya san yadda yake gane tsohon fayil ya wuce shi. Fayil ɗin kariya ne, shi ke hana saba biyu hawa jakar bayanai ɗaya, abin da in ya faru yakan lalata bayanan da kansu.

Sannan tashi daban, shiri daban. Rumbun da wuta ta yanke masa aiki yakan tsaya ya bi littafin da yake rubuta kowane canji a ciki kafin ya aiwatar, ya maido da abin da aka tabbatar, ya watsar da wanda bai kammala ba. PostgreSQL yana yin haka, InnoDB na MySQL da MariaDB ma yana yi. A wannan lokaci shirin yana raye amma ba ya karɓar kowa. Domin wannan aka yi “pg_isready”, wanda ya zo da bugu na 9.3 a 2013: 0 yana karɓa, 1 yana nan amma yana ƙin karɓa, 2 babu amsa, 3 ba a ma yi yunƙurin tambaya ba. Masu MySQL ku san cewa “mysqladmin ping” yakan ba da 0 ko da an hana shi shiga saboda kalmar sirri ba daidai ba, domin a wurinsa wanda ya iya cewa a'a yana raye. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce amsar ko manhajarku za ta iya shiga ba.

Kada wanda ya ga irin waɗannan a rubutunsa ya karaya. PostgreSQL ba baƙo ba ne a wurinmu: DHIMS2 da Hukumar Lafiya ta Ghana ta fara aiki da shi a 2012, wanda jami'an bayanai na Salaga da Yendi da Bawku ke shigar da rahoton wata-wata a ciki, an gina shi ne a kan DHIS2 na Jami'ar Oslo, shi kuma a kan PostgreSQL yake zaune. To PostgreSQL, wannan babban shiri da ƙwararrun duniya ke kula da shi, shi ma sannu a hankali ya daidaita bakinsa da ƙa'ida. Sai a bugu na 9.2, a 2012, “pg_ctl status” ya koma ba da 3 idan saba ba ta aiki, a da 1 yake bayarwa. A 9.4, ƙarshen 2014, aka ƙara 4 domin lokacin da ya kasa kaiwa ga jakar bayanai. A bugu na 10, a 2017, aka mayar da jiran kammala tashi ya zama al'adarsa ba sai an roƙa ba, aka kuma tabbatar da cewa in lokacin jira ya ƙare bai ga an tashi ba, ba zai fita da sifili ba. Wannan tarihi yana da amfani a aikace. In kun gaji tsohuwar saba, ku duba bugun da ke kanta kafin ku yarda da abin da lambar ke nufi.

Yawancinku yanzu systemd za ku tarar, domin Red Hat ta koma kansa a 2014, Debian da Ubuntu suka bi a 2015. Ya sauƙaƙa abubuwa da yawa, kuma shawarata ita ce in manhajar ta zo da nata fayil ɗin hidima, ku yi amfani da shi, kada ku rubuta sabo. Amma systemd ma da lambar yake aiki. In kun sa “Restart=on-failure”, zai sake tayar da shirin da ya fita da lambar gazawa, wanda kuwa ya mutu yana cewa sifili zai bar shi kwance, a zatonsa hutawa ya yi da izini. Akwai kuma wani tarko a Debian da Ubuntu da ya kamata kowa ya sani. Hidimar da ake kira “postgresql” kawai, lema ce, ba ita ce rumbun ba. Za ka tambaye ta ta nuna maka kore, alhali rumbun yana kwance. Na gaskiyar yana ɗauke da bugu da suna, kamar “postgresql@14-main” a Ubuntu 22.04, kuma “pg_lsclusters” zai nuna maka halin kowanne. Duk mai sa ido da aka ɗora a kan lemar, ba ya gadin komai.

Wasunku za su kai inda ake haɗa saba biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, da shiri irin Pacemaker a tsakani. A can kuskuren lamba ba ya tsayawa a ɓata lokaci. In “status” kullum sifili yake bayarwa, Pacemaker ba zai taɓa sanin ta farko ta mutu ba, balle ya miƙa aiki ga ta biyu, ko kuma ya ɗauka rumbun yana gudana a wuri biyu ya shiga tsayar da shi. In kuma “stop” ya dawo da gazawa don kawai ya tarar an riga an tsaya, Pacemaker zai ɗauka rumbun ya ƙi sakin bayanai, kuma hukuncinsa a nan shi ne ya yanke wa kwamfutar gaba ɗaya wuta don ya kare su. Saba mai ƙoshin lafiya ta mutu saboda 1 da aka sa a gurbin 0.

Faɗin gaskiya kuma bai wadatar ba sai da mai ji. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge jakar bayanan babbar sabarsu bisa kuskure, kusan gigabayit 300. Da suka juya ga kwafin ajiya sai suka tarar babu. Ashe pg_dump ɗin da ke gudana na bugu 9.2 ne, rumbun kuwa 9.6, saboda haka ya daɗe yana gazawa. Ya yi ta faɗa, amma saƙonnin imel da ke ɗauke da ƙorafin ana mayar da su a hanya, ba su isa ga kowa ba. Da wani kwafi na kimanin awa 6 kafin hatsarin suka farfaɗo, abin da aka yi a tsakani ya tafi. Na yaba musu da suka bayyana komai a fili, duniya ta ƙaru. Ku tambayi kanku: in rubutuna ya fita da 1 ƙarfe biyun dare, wayar wa za ta yi ƙara? In amsar babu kowa ce, aikin bai ƙare ba.

Akwai abin da ke ƙarƙashin duk wannan wanda ba na fasaha ba ne, kuma shi ya fi damuna. An tarbiyyantar da mu da kara da kunya, ba ma son kai wa babba mummunan labari, kuma wannan hali yana da kyau a inda ya dace. Amma na ga yana bin matasa har cikin rubutunsu. Shugaban ofis ya ga jan rubutu a allo ya ɗaure fuska, sai yaro ya je ya rufe bakin kuskuren maimakon ya gyara shi, don a ce aikinsa ba ya ba da matsala. Wannan ba ladabi ba ne, cin amana ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Bayanan da ke cikin akwatin nan na mutane ne: awon cikin wata, sakamakon jarrabawar wani, 'yan kuɗin da mai sayar da albasa a kasuwar Bawku ta tara. In babba ya tambaye ku me ya sa allo ya yi ja, ku gaya masa cikin girmamawa cewa jan nan shi ne ya nuna na'urar tana faɗin gaskiya, ga kuma abin da ake buƙata a gyara. Shugaba mai hankali zai fi riƙe ku da daraja a kan haka.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ba ya buƙatar sayen komai. Ku samu tsohuwar kwamfuta ko ku yi ta gwaji a cikin taku, kada ku taɓa wadda ake aiki da ita, balle ranar kasuwa. Da rumbu a kwance, ku tambayi “status” ku bi shi da “echo $?”, ku ga ko 3 ce. Ku tayar, ku ga 0, ku sake tayarwa a kan tashin, ku ga ko 0 ce har yanzu. Ku tsayar sau biyu a jere, duka biyun su zama 0. Ku ba shi umarnin da bai sani ba, ya ce 2. Ku kira shi da asusun da ba shi da izini, ya ce 4. Sannan ku shiga ɓarna da gangan: ku kashe rumbun da “kill -9” ku ga ko zai ce 1, ku canza wa jakar bayanai suna ku ce ya tashi, ku cika faifai, ku zare wayar wuta yana tsakiyar rubutu ku mayar, ku zauna ku kalli abin da zai faɗa da kuma lokacin da zai faɗe shi. Ku rubuta abin da kuka gani a saman rubutun da kuma takardar miƙa aiki, da kwanan wata da bugun rumbun. In ya faɗi a wurare da yawa, kada ku rushe shi gaba ɗaya a rana guda. Ku fara da reshen “status”, domin tayarwa da tsayarwa duk sai sun tambaye shi kafin su san abin da za su yi, kuma shi ne mai sa ido ke kira dare da rana.